Ɗigo Uku a Takardar Malam Habu

Ranar Talata da hantsi ina tsakar gida ina gyaran zogale, wayata ta yi ƙara. Hadiza ce, babbar ƴar Malam Habu. Ba ta yi dogon bayani ba, ta ce, "Hajiya Rabi, Baba ya cika bayan sallar asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye faifan, na zauna. Can na farga ina ta murza kan yatsana na tsakiya na hannun hagu, wurin da Malam ya fara huda ni shekara arba'in da suka wuce.

Mutanen Matameye na yanzu sun san Malam Habu tsoho mai sanda, wanda ba ya rasa sahun farko a masallacin unguwarsu. Mu da muka manyanta mun san shi da Malam Habu mai labo, wato mai gwajin jini a ɗan gidan likitan da na yi aikin unguwarzoma kusan shekara talatin. Kafin in zama abokiyar aikinsa marar lafiyarsa ce ni, kuma da Allah bai sa shi a hanyata ba, da waɗannan jikokin da suke cika mini gida da ihu ba su san ni ba. Masu makoki su yi mini haƙuri idan suka ji dariya a cikin abin da zan faɗa. Malam bai taɓa son a tuna shi da ɗaure fuska ba, ni kuma ban iya ba da labarinsa ba tare da ita ba.

Siririn mutum ne, dogo, mai magana a hankali kamar ba ya son ya tashi wani daga barci. Ɗakin aikinsa ɗan ƙarami ne mai taga ɗaya. A kan teburin akwai madubin likita irin na da, wanda ba ya aiki da lantarki, sai an juya ɗan madubin ƙasansa ya kamo hasken rana. Duk wanda ya shigo yana ɓoye hannu a bayansa, yaro ko dattijo, abu ɗaya Malam yake ce masa: "Ɗigo ɗaya kawai zan ɗiba. Sauron gidanku ya fi ni ci, kuma shi ba ya sallama." Kafin mutum ya gama dariya an riga an huda shi.

Abin da zan ba da labari ya faru ne a shekarar babban farin nan na biyu, zamanin da sojoji ke riƙe da ƙasa. Gero bai yi ba, shanu suna faɗuwa a bakin hanya, mutane na layin jar dawar taimako. Maigidana ya tafi cin rani Kano kamar yadda ya saba, sai aka rufe iyaka, ya maƙale can. Ni kuwa ina gidan surukata, Inna Tsahara, da ƴaƴana biyu ƙanana, ina fama da tarin fuka. Wata takwas na yi ina zuwa gidan likita kullum safe, a yi mini allura, a ba ni ƙwayoyi in haɗiye a gabansu.

Tarin ya yi sauƙi, amma ni sai ƙara lalacewa nake yi. In na ja guga rabi sai in sake shi. In na tashi tsaye duniya ta juya, ina jin bugun zuciyata a cikin kunne. Ga wani abin kunya da ban gaya wa kowa ba: ƙasa nake ci. Wallahi bangon bayan madafarmu sai da na yi masa rami, Inna Tsahara tana ta zagin awakin maƙwabta.

Majo, wato babban ma'aikacin gidan likitan, ya tura ni wajen Malam Habu a auna mini jini. A lokacin babu na'ura. Wani ɗan littafi ne mai shafi ɗaya na launuka, layi-layi, daga ja mai haske har zuwa ja mai duhu, kowane layi da lambarsa. A ɗiga jininka a farar takarda, a kara da layukan a hasken rana, wanda ya yi daidai da shi, shi ne yawan jininka. Nawa ya faɗa a layi mai kyau. Majo ya duba sakamakon, ya dube ni, ya ce wa Inna Tsahara, "Jininta ya isa. Ciwon ne ya ci ƙarfinta. Mun yi iyakar abin da za mu iya."

Kowa ya san abin da ake yi a nan in an kai haka. Matar aure in ciwo ya yi tsanani, gidansu ake mayar da ita jinya, don kada a ce iyayenta sun bar ta ta ƙare a hannun surukai. Aka aika Kurni, ƙauyenmu. Kawu Mati, ƙanen mahaifina, ya aiko cewa zai zo ranar kasuwa da amalanken jaki. Daga Kurni babu mai kawo ni allura kullum, ƴaƴana kuma za su zauna wajen kakarsu. Ba mugunta aka yi mini ba, Inna Tsahara kuka take yi tana ɗaure mini kaya. Amma na san idan na hau wannan amalanke ba zan dawo ba. Saura kwana huɗu.

Washegari na je karɓar allura, ina zaune a bayan ɗakin labo ina jiran layi. Na duba hagu, na duba dama, ban ga kowa ba, sai na sa farce na ɓanɓaro ƙasar bango na jefa a baki. Sai na ji murya daga taga a kaina.

"Rabi, ginin gwamnati kike ci? A mulkin soja?"

Na so ƙasa ta buɗe in shige. Ya ce, "Shigo, shigo, kafin ki kai ga ƙofa." Na shiga ina rufe fuska da mayafi. Bai ƙara yi mini dariya ba. Ya tambaye ni tun yaushe nake ci, ya ja fatar idona ƙasa ya duba, ya sa na fito da harshe, ya juya hannuna ya daɗe yana kallon faratana da suka lotsa a tsakiya. Ya sake huda ni, ya kara da littafin. Layi mai kyau ya sake nunawa. Ya zauna ya yi tagumi, yana kallon littafin yana kallona.

"Ɗaya daga cikinku ƙarya yake yi," in ji shi, "kuma ban ga alamar ke ce ba."

Sai ya huda nasa yatsan ya ɗiga. Nasa ya fi layin ƙarshe na littafin duhu nesa ba kusa ba, alhali shi ma jar dawar nan yake ci sau ɗaya a wuni. Ya juya littafin, ya ɗaga wani ɗan liƙin takarda da aka manna a gefen shafin tun da daɗewa don ya yage. A ƙarƙashinsa launin asali yana nan, ja wur. Ashe da yake gwajin sai a hasken rana ake yin sa, a kan taga littafin yake wuni, a buɗe, shekara da shekaru. Rana ta koɗar da launukan a hankali, ta yadda mai kallonsu kullum ba zai lura ba. Kowane jini aka kara da su sai ya fito da kyau. Malam ya ce "Subhanallahi" sau uku, gumi yana keto masa.

Ni a lokacin ban gane girman abin ba. Na ga dai ya miƙe ya ce, "Zauna nan. Jinina ba abin dogaro ba ne a wannan shekara. Bari in nemo mutumin da na tabbata nasa cike yake."

A duk garin mutum ɗaya ne farin bai taɓa ba, shi ne Tsalha mahauci. Makiyaya suna sayar da dabbobi a wulaƙance kafin su mutu, nama ya yi arha, Tsalha kuwa hanta ce karin kumallonsa. Ƙato ne mai wuya kamar turmi, shi kaɗai yake kayar da sa. Kuma taubashin Malam Habu ne, ɗan ƙanwar babansa, don haka tsakaninsu babu abin da ba a faɗa. Ba a jima ba sai ga su, Malam a gaba riƙe da hannun rigarsa, Tsalha a baya yana masifa da wuƙa a ƙugu.

"Kai Habu, ka raba ni da teburina don me? Ko yunwa ce ta taɓa maka kai?"

"Ɗigo ɗaya kawai. Kullum kana zubar da na dabbobin Allah tulu-tulu, yau a ga naka."

Da Tsalha ya ga ɗan tsinken ƙarfen, sai idonsa ya raina fata. Ya fara ja da baya. Ya ce shi bai karya ba, ya ce hannun dama na sana'a ne, na hagu kuma yana da ciwo, ya ce a bari sai bayan kasuwa. Malam ya nuna ni ya ce, "Bayan kasuwa wannan baiwar Allah tana Kurni." Tsalha ya juyo ya kalle ni sosai, karo na farko. Ya zauna a benci, ya miƙa hannu, ya rufe ido yana kiran sunan uwarsa. Ni da nake jiran mutuwa, ranar na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Malam ya yanko sabuwar takarda ya jera ɗigo uku, na Tsalha, nasa, da nawa. Babu wanda yake bukatar a gaya masa wanne ne nawa. Na Tsalha ja ne har yana baƙi-baƙi, na Malam ja ne na rufin asiri, nawa kuwa kamar ruwan da aka wanke nama a ciki.

Bai tsaya nan ba. Ya shafa jinina a gilashi, ya rina, ya juya madubi ya kamo rana, ya daɗe yana leƙe. Sannan ya ce in zo in gani da kaina. Ƙwayoyin jinin Tsalha manya ne, cikakku kamar waina. Nawa ƴan mitsi-mitsi, farare a tsakiya kamar zobe. Ya yi mini bayani da Hausar da zan gane. Ya ce dogon ciwo shi kansa yana rage wa mutum jini, wannan gaskiya ne, shi ya sa da an ga mai tarin fuka ya yi fari sai a ce ai ciwonsa ne, a wuce. Amma akwai wani ƙarancin jinin daban, na rashin sinadarin ƙarfe a jiki, wanda yunwa da haihuwa da tsutsar ciki suke kawowa, kuma shi yana da magani mai sauƙi. Cin ƙasa, da faratan nan, da ƙananan ƙwayoyin nan, duk wajensa suke nuni. Ya karɓi bayan gidana ma ya duba, ya sami ƙwan tsutsa. Ranar na fara jin maganar da ya yi ta maimaita mana har ya bar aiki: "Don mutum yana da tsohon ciwo ba a ce wani ba zai same shi ba. A duba."

Saura magani, kuma a nan wahalar take. Cikin kayan taimakon da aka kawo har da kwalayen ƙwayar ƙarin jini, makullin ɗakin ajiyar kuwa yana hannun wani soja mai muƙamin lajidan da aka turo ya kula da rabo. Wata uku Malam yana rubuta rapor, wato rahoto, bisa littafin nan cewa masu ƙarancin jini a wurinmu kaɗan ne. Lajidan ya ji daɗi, ya yabe shi a gaban jama'a, ya aika Damagaram. An kuma yanke cewa tun da mu ba mu da bukata, kwalayen za su wuce wani gari kashegarin kasuwa.

Majo ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi. Ina zaune a bakin ƙofa na ji yana cewa, "Habu, ka rufa mana asiri. A gyara a hankali a rapor na wata mai zuwa. Mutumin nan ya sa hannu a takardunka, in ka ce ƙarya ne ka kunyata shi a gaban manyansa." Malam ya ce, "Majo, wata mai zuwa Rabi tana ina? Kuma ba ita kaɗai ba ce. Duk wanda na auna na ce ya tafi jininsa lafiya, yana wuyana." Ya cire farar rigarsa ya kakkaɓe, ya sake sawa, ya ɗauki littafin da takardar. Ya ce ni da Tsalha mu biyo shi.

Masu ƙuruciya ba za su gane ba, amma a wancan zamani mutum ba ya shiga buron soja, wato ofishinsa, da ƙafarsa sai dole. Muka tarar da lajidan a zaune, gajere mai gashin baki, da ƴar sanda a kan tebur. Malam ya gaishe shi, ya ce, "Mon lajidan, na zo in gaya maka rapor ɗina na wata uku ba daidai ba ne. Kuskuren nawa ne, ba na Majo ba, ba na kowa ba." Ya buɗe littafin, ya ɗaga liƙin, ya ajiye takardar ɗigo uku kusa da shi.

Lajidan ya buga sandar a tebur, sai da na zabura. Ya yi ta faɗa da Faransanci, sannan ya juyo Hausa. "Ka san inda ake tura masu rapor na ƙarya?"

"Na sani, mon lajidan. Arewa, inda babu inuwa. In za a tura ni, ina roƙon a bar kwalayen nan tukuna."

Soja ya kalli takardar, ya kalle ni ina jingine da bango don ba na iya tsayuwa. Ya ce ta yaya zai san ba wani sabon shirme ba ne. Sai ya naɗe hannun rigarsa ya miƙo yatsa, ya ce a gwada shi a gabansa. Malam ya fito da tsinke. Ya kama yatsan lajidan. Sai Tsalha, Allah ya jiƙan Tsalha, ya matso ya rage murya ya ce, "Mon lajidan, ka rufe ido. Ni ma haka na yi."

Na ce shi ke nan, yau a kurkuku za mu kwana. Gashin bakin lajidan ya motsa, ya motsa, sai ya fashe da dariya har yana dukan cinya. Jininsa ya fito kusa da na Tsalha, kuma shi ma ya wuce duk layukan littafin. Ya daina dariya, ya jawo makulli daga aljihu ya jefa a tebur. Ya ce kwalayen sun fasa tafiya. Ya ce Malam ya nemo duk wanda ya auna a wata ukun nan ya sake auna shi, ya kawo sabon rapor. Amma takardar gargaɗi sai ta shiga dosiyen Malam, wato fayil ɗin aikinsa, wannan ba makawa. Ta kuwa shiga. Abokan karatunsa duk sun yi gaba, shi a muƙamin da na same shi ya yi ritaya, kuma ban taɓa jin ya ambaci abin da ɗaci ba.

Da yammacin ranar na haɗiyi ƙwayata ta farko. Malam ya ce kada in sha da shayi, kada in tsorata in na ga bayan gidana ya yi baƙi, kada kuma in daina don na ji sauƙi. Ya ba ni maganin tsutsa. Tsalha ya aiko da hanta a ƙunshe cikin takardar siminti, ya ce a gaya mini ba don Allah ya yi ba, don in yi sauri in warke a daina huda shi ne.

Bai san an fara ke nan ba. Jini in ya bushe a takarda launinsa yana canjawa, don haka kowace safiya sai an sami sabon ɗigo da za a riƙa karawa da na marasa lafiya. Sati biyar aka yi kafin sabon littafi ya iso daga Damagaram, sati biyar Tsalha yana zuwa bayan ya gama yanka, yana masifa tun daga bakin hanya, yana zaɓar yatsan da za a huda. Yana cewa duk garin nan shi ne sojan gaske. Mutane suka daina tambayar lamba, sai dai ka ji tsohuwa ta fito daga labo ana ce mata, "Iya, kin kai Tsalha?" ta ce, "Ina fa, ko rabinsa."

Ranar kasuwa Kawu Mati ya iso da amalanke, ya shimfiɗa tabarma a ciki. Malam ya bar aikinsa ya zo har ƙofar gidanmu, ya durƙusa ya gaishe shi kamar ubansa. Kawu ya ce, "Malam, mun gode da ɗawainiya. Amma ƴarmu ce. Abin kunya ne a ce muna raye ta ƙare a ɗakin surukai." Malam ya ce, "Baba, gaskiyarku ne. Sati uku nake roƙo. In kun dawo ba ta fi haka ba, ni da kaina zan kama muku ita a sa a amalanke." Ya nuna masa takardar. Kawu bai yi boko ba, amma ya yi kiwo, ya san jinin dabba mai lafiya da na marar lafiya. Yana cikin juya takardar sai Inna Tsahara ta yi magana daga bayan ƙyaure, ita da ba ta taɓa ɗaga murya gaban baƙo ba. Ta ce, "Malam Mati, in kunya ce ni na ɗauka. A bar mini ita." Kawu ya naɗe tabarmarsa ya koma.

Da ya dawo bayan sati uku, a bakin rijiya ya same ni ina jan guga, cikakke. Ya tsaya ya riƙe baki. Ya ce, "To ni yanzu wa zan ɗauka?" Na ce, "Kawu, ku ɗauki gaisuwa ku kai wa mutanen gida." Na gama maganin tarina a Matameye. Da aka buɗe hanya maigidana ya dawo, ya tarar da ni ina daka, bangon madafa kuma an yaɓe shi. Sai a lokacin na gaya wa Inna Tsahara gaskiya, ta ce in tashi in je in nemi gafarar awakin mutane.

Malam ne ya sa sunana da aka zo neman matan da za a koya wa karɓar haihuwa. A shekarun da muka yi tare na ga halinsa a ƙananan abubuwa. Sabon littafin a cikin jakar baƙin ƙyalle yake ajiye shi, cikin akwati, ba ya fito da shi sai lokacin karawa. Mai ciwon ƙoda, mai ciwon sukari, mai tsohon gyambo, in ya ce ya gaji, Malam ba ya yarda a ce ciwonsa ne sai an auna. Haka kuma ba ya yarda a ba kowa ƙwayar ƙarin jini don kawai ya yi fari. Na taɓa miƙa wa wata mai sikila, ya karɓe daga hannuna a hankali, ya ce nata ƙarancin ba na rashin ƙarfe ba ne, ƙwayar tana iya cutar da ita. "Kada ki ce mini ya yi fari, Rabi," in ji shi, "ki ce mini an gwada." Duk sabon ma'aikacin da aka turo, ranarsa ta farko sai Malam ya ba shi labarin littafin da ya koɗe, da bakinsa, bai taɓa rage laifin kansa ba.

Shekara uku da suka wuce ciwon ƙoda ya kama shi. Ya daina fita masallaci, ya daina cin abinci, in ya yi taku biyar sai ya zauna. Ƴaƴansa suna kula da shi iyakar ƙoƙari, amma da na je dubiya sai na ji Hadiza tana cewa, "Hajiya, tsufa ne da ciwon nan, sai addu'a." Na ce a'a, wannan maganar na taɓa jin ta. Na ja fatar idonsa, na duba faratansa. Na aika aka samo mini farar takarda da sabon tsinke, na huda shi, na huda kaina, na jera masa a gabansa. Na ce, "Malam, Tsalha ya riga mu gidan gaskiya, yau ni ce Tsalha." Ya kalli ɗigon biyu, ya yi dariya marar ƙarfi, ya ce wa Hadiza, "Ki nemo mota. Matar nan ba za ta bar ni in huta ba."

A Damagaram aka yi masa gwaji da na'ura. Na farko ya nuna kamar ajiyar ƙarfen jikinsa tana nan, amma likitar ta ce a jikin mai dogon ciwo wannan gwajin shi kaɗai yana iya ruɗar mutum, sai an haɗa da wani. Na biyun ya nuna ƙarfen ya yi ƙasa sosai. Hadiza ta ce da aka yi masa bayani sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe na zamani ma sai an kara shi da wani." Aka ƙara masa ƙarfen ta jijiya. Ciwon ƙodar bai tafi ba, amma Malam ya miƙe. Damina biyu ya ƙara yana zuwa masallaci da ƙafarsa, ya ga auren jikarsa, ya ci gaba da tsokanata cewa ginin gwamnati yana bina ƙasa. Da wa'adi ya cika kuma, babu gwajin da zai ƙara masa kwana.

Ranar uku na je gaisuwa. Da mutane suka ragu, matarsa Hajiya Balki ta kira ni ɗaki, ta miƙo mini wani tsohon ambulan. Ta ce a cikin jakar baƙin ƙyallen nan ta same shi, kuma tun yana da rai ya ce in ya rasu a ba Rabi. Na buɗe. Takardar ce, ta yi rawaya, da ɗigo uku a jere. Bai rubuta suna a ƙarƙashin ko ɗaya ba, don a ranar babu mai bukatar a gaya masa. Na fita da ita tsakar gida, na ɗaga ta a rana kamar yadda ya koya mini. Duk ukun sun koma launi ɗaya, ruwan ƙasa. Na duba, na sake dubawa, wallahi ban gane wanne ne nawa ba. A nan kukan da na riƙe tun ranar Talata ya ƙwace mini.

Ya Allah, ga bawanka Habu ya zo gare ka. Ya ga kuskurensa ya faɗa da bakinsa a ranar da faɗar take da tsada, ka shafe masa sauran da mu ba mu sani ba. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka jiƙan taubashinsa Tsalha, da Inna Tsahara, da Kawu Mati, da duk waɗanda farin nan ya tafi da su ba a kai ga auna su ba. Ka ba Hajiya Balki da Hadiza da ƙannenta haƙurin rashi, ka rufa musu asiri, ka sa albarka a zuriyarsa. Ni kuma da na saura a cikin mu ukun, in tawa ta zo, ka sa in cika da imani, ka haɗa ni da su. Amin.